Martani ga Sigmund Freud: Sunan Musa Bai Mai da Shi Bamasare Ba

A shekarar 1939, watanni kaɗan kafin ya mutu a Landan, Sigmund Freud, likitan nan na birnin Biyana da ya yi fice wajen tonon abin da ke ɓoye a zukatan mutane, ya fitar da littafinsa a kan Annabi Musa (AS) da asalin addinin kaɗaita Allah. Da'awa uku ya jera a ciki, kowace ta fi ta gabanta nauyi. Ya ce Musa Bamasare ne haifaffe, ba shi da jinin Bani Isra'ila. Ya ce tauhidin da ya koyar aro ne daga Fir'auna Akenaten, wanda ya ɗora wa Masar bautar rana. Ya ce kuma mutanen da ya fitar daga Masar su suka kashe shi a jeji, nadamar abin ta bi zuriyarsu. Mai imani da Alƙur'ani ko Attaura ba ya jiran kowa ya warware masa wannan, kuma da littafin ya bi marubucinsa kabari da babu dalilin tayar da shi. To amma bai bi shi ba. A 1990 wani marubuci ɗan Masar, Ahmed Osman, ya ɗora a kai har ya ce Musa da Akenaten mutum ɗaya ne, kuma har gobe duk inda aka taɓo tarihin addinai sai ka ji wani ya jefo maganar kamar abin da aka gama yanke wa hukunci: ai ko sunan ma na Masar ne. Saboda haka ya kamata a bi Freud zuwa filin da shi da kansa ya zaɓa, wato tarihi da harshe, a duba tubalin farko da ya aza gininsa a kai. Tubalin nan suna ne kawai. Abin da nake son nunawa shi ne, a Masar ta dā, sunan yaro yana faɗa maka gidan da aka raɗa shi da harshen wanda ya raɗa, amma ba ya faɗa maka jinin yaron, balle addinin da zai riƙa in ya girma.

Adalci shi ne a fara da inda Freud ya taka gaskiya. A harshen Masarawan dā akwai kalma da ake rubutawa da baƙaƙen m da s, ma'anarta haihuwa, kuma daga gare ta aka samu kalmar da ke nufin ɗa. Alamarta a rubutunsu na zane fatun yanyawa uku ne ɗaure wuri guda. Da wannan kalma ma aka buɗe ƙofar karanta rubutun Masar. A watan Satumba na 1822, Champollion, masanin nan Bafaranshe, yana duba wani sunan sarauta da aka kwafo daga Abu Simbel, sai ya ga hoton rana, wadda ya san sunanta a Ƙibɗanci, sai wata alama da bai gane ba, sai s guda biyu. A wani sunan kuma ya ga tsuntsun da ke wakiltar Tot, abin bautarsu na rubutu da hikima, sai wannan alamar dai, sai s. Da ya tuna cewa mise a Ƙibɗanci haihuwa ce, sai sunayen biyu suka warware a gabansa: Ramses da Tutmose. Na farko yana nufin Ra, wato rana, ne ya haife shi, na biyu kuma an haifi Tot. Haka Ahmose, an haifi wata, da Petahmose, an haifi Petah, abin bautar birnin Memfis. Irin waɗannan sunaye sun cika Masar a zamanin gidan sarauta na 18 da na 19, tun daga fada har gidan manomi. Freud ba shi ya gano wannan ba. Daga littafin James Henry Breasted, masanin tarihin Masar ɗan Amurka, ya ɗauko, bai kuma ɓoye ba. Nasa ƙarin shi ne mamakin yadda Breasted da sauran masana suka yarda sunan na Masar ne amma suka ƙi cewa mai sunan Bamasare ne, har ya yi zargin cewa girmama Attaura ne ya ɗaure musu harshe. Zargin nan bai da tushe. Sun yi shiru ne domin sun san yadda ake raɗa suna a Masar, shi kuwa likita ne da ya shiga gonar da ba tasa ba.

Akwai waɗanda ransu kan ɓaci da zarar sun ji an ce sunan Annabi daga harshen mutanen Fir'auna ya fito, suna ganin amincewa da haka ba da kai ne ga Freud. Su kwantar da hankalinsu, domin malaman farko sun riga Freud faɗin wannan da ƙarnoni masu yawa. Filo na Iskandariyya da Yusifus, manyan marubutan Yahudawa na ƙarni na 1, duk sun ce sunan daga kalmar Masarawa ta ruwa yake, Yusifus ya ƙara da cewa rabinsa na biyu na nufin wanda aka ceto. Imam Ɗabari, wanda ya rasu a 310 bayan Hijira, ya kawo ruwayar da ke cewa a Ƙibɗanci mu ruwa ne, sha kuma itace, domin a tsakanin ruwa da itatuwa aka tsinci akwatin jaririn. Masana harshe na yau ba su gamsu da wannan fashin baƙi ba, saboda Ƙibɗanci ya zo ne fiye da shekara 1000 bayan zamanin da ake magana, kuma Masarawa ba haka suke haɗa sunan mutum ba. Amma a kan tushen maganar, wato cewa a harshen Masar ya kamata a nemi ma'anar sunan, bakin yawancinsu ɗaya da waɗancan malamai. Ita kuwa Attaura, a sura ta 2 ta Littafin Fitowa, ta ce 'yar Fir'auna ce ta raɗa sunan, ta kuma danganta shi da kalmar Ibrananci mai ma'anar tsamowa daga ruwa. A nan Freud ya yi tambayoyi biyu masu kyau. Yaya gimbiyar Masar za ta raɗa suna da harshen bayin ubanta? Kuma me ya sa siffar kalmar Moshe, wato Musa, a nahawun Ibrananci take nufin mai tsamowa, alhali jaririn shi aka tsamo? Amsar da ta fi sauƙi ita ce masu jin Ibrananci sun ji baƙon suna, suka liƙa shi da kalmar tasu da ta yi kama da shi, abin da kowace al'umma ke yi wa baƙon suna. Wannan yana ƙara tabbatar da cewa mai raɗa sunan Bamasariya ce, kuma nassin ma abin da ya faɗa ke nan.

Ko wannan tubali ma bai kai ƙarfin da Freud ya ɗauka ba. Sautin s na kalmar Masarawa ya fito a Attaura cikin sunan birnin Ramses da harafin s, amma a sunan Moshe ya fito da sh, kuma wannan saɓani ya daɗe yana damun masana. J. Gwyn Griffiths ya rubuta maƙala a 1953 yana kare asalin Masar, masu wannan ra'ayi kuma sukan ce kalmomin aro ba sa shiga harshe a lokaci guda ko ta hanya guda. Kenneth Kitchen, ɗaya daga cikin manyan masana zamanin Ramses, ya nuna shakka a littafinsa na 2003, yana ganin sunan zai iya zama na harsunan Samiyawa tun asali. Sannan akwai batun wasali. Rubutun Masar ba ya rubuta wasula, don haka furucin mose da muke karantawa a littattafai ya zo mana ne ta hannun Girkawa, bayan harshen ya sauya. A yarjejeniyar sulhun da Ramses na Biyu ya ƙulla da Hittiyawa wajen 1259 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wadda aka rubuta a kan allunan yumɓu da rubutun Babila mai nuna wasula, sunansa ya fito kamar Riyamashesha. Ke nan kamar da kunne ke ji tsakanin Musa da mose wani ɓangarenta aikin zamani ne. Duk da haka ni ina ganin ɓangaren masu cewa sunan na Masar ne ya fi rinjaye, saboda labarin da kansa a fadar Masar ya ajiye raɗin sunan, kuma akwai wasu sunayen Masar a cikin dangin Musa. Na ba Freud wannan kyauta. Matsalar tana ga tsallen da ya yi daga nan.

Da ya zo nuna cewa suna yana tona asali, misalai uku ya kawo: mawaƙin Jamus Chamisso wanda sunansa ke nuna Bafaranshe ne, da Napoleon Buonaparte wanda sunansa ke nuna tushensa na Italiya, da Benjamin Disraeli, tsohon firaministan Ingila, wanda sunansa ke nuna Bayahuden Italiya ne. Duk wanda ya lura zai ga cewa ukun nan sunayen zuriya ne, irin waɗanda Turawa ke gada daga uba zuwa ɗa ba tare da kowa ya zaɓa ba. Irin wannan suna dole ya ɗauki tarihin gida, domin aikinsa ke nan. Masarawan dā kuwa ba su da sunan zuriya sam. Mutum sunan kansa kawai gare shi, in ana son bambanta shi sai a ce wane ɗan wane, ko a haɗa da muƙaminsa. Suna irin wannan zaɓi ne na wanda yaro ke hannunsa a ranar raɗi, ana kuma iya canza shi idan ubangida ya canza ko iskar siyasa ta juya. Akenaten da Freud ya jingina da shi ma an haife shi ne da sunan Amenhotep, ya yar da shi a shekara ta 5 ta mulkinsa saboda yana ɗauke da sunan gunki Amun. Yaron da ya hau gadon shekaru kaɗan bayansa an raɗa masa Tutankaten, da fada ta koma wa tsofaffin gumaka sai ya zama Tutankamun. Idan sunan Fir'auna da kansa yana bin iska haka, ina ga na yaron da aka tsinta a bakin kogi? Freud ya auna sunan mutum ɗaya da ma'aunin sunan dangi, kuma daga wannan kuskure sauran suka tsiro.

Shaidun da ke ƙarƙashin ƙasar Masar sun fi kowace muhawara. A gidan tarihi na Brooklyn a Amurka akwai wata tsohuwar takarda ta ƙarni na 18 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda William Hayes ya wallafa a 1955. Jerin barorin wani gida ne a yankin Tibis, mutum 95 a asali, fiye da 40 daga cikinsu an rubuta ƙarara cewa mutanen Asiya ne, wato yankin Sham da Kan'ana. Magatakardan ya rubuta sunan kowa na gida, sannan a gefe ya rubuta sunan Masar da ake kiran sa da shi, 'ya'yansu kuwa yawanci sunan Masar kaɗai gare su. Wannan a gidan bayi ke nan, a fada abin ya fi haka. A zamanin Ramses na Biyu da ɗansa Merneptah akwai wani babban mai shayar da sarki, sunansa na gida Ben-Azen, daga Ziri-Bashan a gabashin Kogin Urdun. A fada an sa masa Ramses-em-per-Ra, ma'ana Ramses a gidan Ra. Ga Bakan'ane tsantsa yana yawo da suna mai ɗauke da ainihin kalmar nan ta haihuwa da ake taƙaddama a kanta, kuma dutsen tunawa da shi ya adana sunayen biyu. A Sakkara, Alain Zivie ya tono kabarin Aper-El a shekarun 1980, waziri a zamanin Amenhotep na Uku da Akenaten, wanda sunansa ke ƙarewa da El, sunan Allah a harsunan Samiyawa. Ɗansa, babban hafsan dawakai, sunansa Huy, suna na Masar da ba ya nuna komai game da kakanninsa. Tsara ɗaya ta isa ta shafe alamar. Kuma wannan tsari ne na mulki da gangan, domin tarihin yaƙoƙin Tutmose na Uku da aka sassaƙa a Karnak ya faɗi yadda ake kwaso 'ya'yan sarakunan Sham a kawo su Masar, in uban ɗayansu ya mutu a mai da shi ya gaje shi. A fada akwai sashen renon yara da ake kira kap, inda 'ya'yan baƙi ke tashi tare da 'ya'yan sarki. Hekanefer, sarkin Miyam a ƙasar Nuba, a nan ya tashi. Sunansa na Masar ne, kabarinsa a Toshka na Bamasare ne sak, amma a kabarin hakimin Nuba na zamanin Tutankamun an zana shi durƙushe cikin shigar Nubawa da gashin jimina a ka. Da Freud zai yi masa hukunci da sunansa, da ya raba shi da mutanensa kamar yadda ya so ya raba Musa da nasa.

Mai kare Freud zai ce ai ba sunan Musa kaɗai ba ne, a cikin Lawiyawa, ƙabilar Musa, akwai Finehas da Hofni da Merari, waɗanda masana da dama ke ganin sunayen Masar ne, kuma Freud ya ce waɗannan su ne fadawan Musa Masarawa da suka biyo shi. Yawan sunayen yana nuna dangi ne da suka daɗe a Masar har suka ɗauki sunayen ƙasar, kamar yadda Bani Isra'ilan da aka kai Babila daga baya suka fito da Zarubabel da Mordekai, ba wanda kuma ya taɓa cewa waɗannan Babilawa ne. Sunan Finehas, jikan Annabi Haruna (AS), shi ma ya isa ya rushe ƙa'idar. Asalinsa Panehesi ne, ma'anarsa Banube. Suna ne da ya yaɗu a Masar, har babban mai hidimar Aten, abin bautar Akenaten, a birninsa shi yake ɗauke da shi. In suna ne ke yanke asali, to Finehas ya tashi daga Ba'isra'ile, ya wuce Bamasare, ya zama mutumin Nuba. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, tunda shi ma yana kiran ɗan da aka haifa ranar Laraba da Balarabe. Da ma'aunin Freud, marigayi Alhaji Balarabe Musa, tsohon gwamnan Kaduna, sai ya tashi Balarabe ɗan Bamasare.

Wata hujjar da ake kawowa ita ce, wai marubutan Attaura sun ƙirƙiro fassarar Ibrananci ne don su binne asalin mutumin. Mai son ɓoye abu ba ya shanya shi a tsakar gida. Ayar da ta kawo sunan ita ce ta ce yaron ya zama ɗa ga 'yar Fir'auna, kuma wasu masana sun lura cewa wannan kalma ta ɗa ita ce daidai ma'anar sunan a harshen Masar. Ayoyi kaɗan bayan nan, 'yan matan Madyana da ya taimaka wa a bakin rijiya sun koma gida sun ce wa mahaifinsu wani Bamasare ne ya cece su, an kuma bar maganar yadda take ba a goge ba. Alƙur'ani ya zo da bayanin a fili. A Suratul Ƙasas matar Fir'auna ce ta roƙi kada a kashe jaririn, da fatan ya amfane su ko su riƙe shi ɗa, a Suratush Shu'ara kuma Fir'auna da bakinsa ya yi wa Musa gorin cewa a gidansu ya tashi tun yana jariri, ya kuma yi shekaru a cikinsu. Littattafan sun haɗu a kan cewa fadar Masar ce ta rene shi, kuma su ɗin ne suka ambaci mahaifiyarsa da 'yar'uwarsa da ɗan'uwansa Haruna. Freud ba shi da wata majiya game da Musa in ban da Attaura da ruwayoyin Yahudawa. Ya karɓi rabin shaidarsu da ya yi masa daɗi ya yi watsi da rabin, alhali rabin da ya karɓa ya riga ya bayyana sunan ba tare da an taɓa asalin kowa ba. Abin dariya ma shi ne, tsohon labarin ƙiyayya da aka jingina wa Maneto, malamin gumakan Masar na ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda Yusifus ya kawo don ya ƙaryata, cewa ya yi jagoran fitar wani malamin Heliyofolis ne mai suna Osarsef, wanda ya koma Musa bayan ya haɗe da baƙi. Wato a kunnen wancan mai labari Bamasare, Musa shi ne sunan baƙunta.

Freud bai tsaya nan ba. Ya ɗauki hasashen Breasted cewa sunan guntu ne, an yanke sunan gunki daga gabansa, har ya raya cewa wataƙila Tutmose ne cikakken sunan, wani babba a fadar Akenaten. Babu rubutu ko ɗaya da ya ce haka. Kuma ba dole ba ne a ce an yanke wani abu, domin Mose shi kaɗai suna ne da Masarawa suka yi amfani da shi. Fitaccen mai wannan suna magatakardan baitulmalin haikalin Petah ne a Memfis a zamanin Ramses na Biyu, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa. A bangon kabarinsa a Sakkara ya sa an sassaƙa tarihin wata doguwar shari'ar gado, wadda Alan Gardiner ya wallafa a 1905. Fir'auna Ahmose ne ya ba kakansu Neshi, shugaban jiragen ruwa, wata gona ladan yaƙi, kimanin shekara 300 kafin nan. Zuriya ta yi ta rigima a kanta, har wani mai suna Kay ya kori mahaifiyar Mose, Nubnofret, daga gonar. Ta kai ƙara gaban waziri a shekara ta 18 ta mulkin Ramses, aka ɗauko rajistar gonaki ba a ga sunanta ba, ta faɗi. Da Mose ya girma sai ya sake tayar da shari'ar, yana cewa takardun jabu ne, ya kawo shaidu suka rantse cewa shi jinin Neshi ne. Abu biyu ne a nan suka shafi maganarmu. Na farko, ko a kotun Masar, da aka zo tabbatar da asalin wani mai suna Mose, shaidu da rajista aka nema, ba wanda ya ce sunansa ya isa. Na biyu, a cikin wannan rubutu, da aka zo ambaton zamanin Akenaten, an ƙi kiran sunansa, an ce da shi maƙiyin nan na Aketaten, wato birninsa. Ga Bamasare na gaske mai sunan da Freud ke nema, yana yi wa haikalin Petah aiki, kabarinsa kuma yana kiran gwarzon Freud maƙiyi.

Sauran ginin bai buƙatar dogon lokaci. Freud ya aro daga almajirinsa Otto Rank, wanda ya tattara tatsuniyoyin haihuwar jarumai a 1909, irin na Sargon na Akkad da aka sa a kwando aka saki a kogi. A waɗannan labarai ɗan sarauta ne ake yarwa, talaka ya rene shi. Labarin Musa ya zo a juye, ɗan bayi ne fada ta rena. Maimakon Freud ya ce ƙa'idar ba ta hau ba, sai ya ce juyewar ita ce shaidar an sauya labarin. In labari ya dace da ƙa'idarsa ya ci, in ya saɓa ma ya ci, kuma hujjar da ba ta da hanyar faɗuwa ba hujja ba ce a wurin masu tarihi. Addinin Aten kuwa, wanda Akenaten ya kafa tsakanin wajen 1353 da 1336 kafin haihuwar Annabi Isa, bautar faifan rana ne da ido ke gani, ana zana shi da hannaye suna miƙa rai ga sarki da iyalinsa. Sarki ne kaɗai ƙofar zuwa gare shi, har manyan fada a gidajensu hoton sarki da sarauniya suke ajiyewa a wurin bauta, ma'aikata a unguwarsu kuma ba su rabu da layun tsofaffin gumaka ba. Babu shari'a a cikinsa, babu alkawari tsakanin Ubangiji da al'umma. Saƙon Musa ya hana bautar rana da duk abin da aka siffanta, kuma farkon wanda ya tunkara da shi sarki ne mai da'awar allantaka. Ko lissafin shekarun bai zauna ba, domin Freud ya sa fitar Bani Isra'ila jim kaɗan bayan mutuwar Akenaten, alhali birnin Ramses da Attaura ta ce sun yi aikin gininsa ya bunƙasa ne a zamanin Ramses na Biyu, wanda ya hau mulki a 1279, fiye da shekara 50 bayan haka.

Iyakar abin da sunan zai iya ɗauka shi ne cewa wanda ya raɗa shi mai jin harshen Masar ne, kuma yaron a hannun Masarawa ya tashi. Wannan kuwa Attaura da Alƙur'ani sun faɗe shi tun kafin a haifi kakannin Freud. Duk abin da ya wuce haka, na jini da na addini da na kisa, ba daga sunan ya fito ba, daga kan marubucin ya fito. Shi ma ya san da haka, tunda maƙalarsa ta biyu a mujallar Imago a 1937 da kalmar idan ya buɗe takenta, kuma a daftarin farko na 1934 ya kira aikin ƙagaggen labari na tarihi. Masu ɗauko maganarsa a yau su riƙa ɗaukowa tare da wannan take da ya ba ta.